Kafin Ka Tura Kafin Alƙalamin Nan

Ɗana,

 A gaishe min da Hajiyarka, Allah ya ƙara mata sauƙin gwiwar nan.

Tun da ka kira ni jiya bayan Isha'i maganar take yi min kai-kawo a zuci. A waya ce maka na yi ka dakata, ban ba ka dalili ba, kuma na ji a muryarka don girmana ka ce "to Baffa", ba don ka gamsu ba. Irin wannan "to" ba ta daɗewa. Da zarar mai gidan hayar nan na Dubai ya sake turo saƙo cewa wani zai karɓe gidan, za ta narke. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta maka dalilaina, ka karanta a natse, ka auna su da hankalinka.

Da farko dai Allah ya yi maka albarka. Mutum ya shekara yana tari don ya fitar da mahaifiyarsa da iyalinsa su huta su ga wata ƙasa, ba ƙaramin abu ba ne, mahaifinka da yana raye da ya yi farin ciki. Shawarar kama gida maimakon otal ita ma na yaba. Hajiya ba za ta jure abincin otal kwana goma ba, kwana biyu za ta nemi tuwo da miyar kuka, gida mai kicin kuwa shi ne maganin wannan. Ba tafiyar nake hana ka ba, ba kuma gidan hayar ba. Hanyar da kake shirin tura kuɗin ce ta hana ni barci.

Bari in maimaita abin da ka gaya min, in na yi kuskure ka gyara. Ka ga hotunan gidan a Instagram, ɗaki uku da falo a unguwar Marina ta Dubai, taga tana kallon ruwa. Kuka koma WhatsApp da mai tallar gidan. Ya ce dirhami 600 kowane dare, kwana goma a ƙarshen Disamba, dirhami 6,000 ke nan. Yana son rabi yanzu, saura in kun iso, kuma ya ba ka awa 24. Dirhami a ɗaure yake da dala tun 1997, dala ɗaya dirhami 3.67, saboda haka dirhami 3,000 ya kama wajen dala 817. A canjin da muke ciki ya haura naira miliyan ɗaya. Wannan ba kuɗin da za a ce "Allah ya mayar da alheri" a kaɗe riga a wuce ba ne.

Ka san na daɗe a teburin kuɗin ƙasashen waje kafin in ajiye aikin banki. Waɗanda suka zauna a gabana ba sa ƙirguwa, 'yan kasuwar Kwari da Singa, iyayen ɗalibai, masu kai marasa lafiya Masar da Indiya. Duk tambayarsu ɗaya ce: yaushe kuɗin zai isa? Da wuya ka ji wanda ya ce, in abin bai yiwu ba ta wace hanya zai dawo? Alhali ita ce tambayar farko. Mai shiga rijiya igiyar fitowa yake fara dubawa.

Mutane suna ɗauka in an yi taransfa zuwa waje kuɗi ne yake tashi kamar jirgi. Saƙo ne yake tafiya, ta hanyar wata ƙungiyar bankuna da ake kira SWIFT, wadda aka kafa a Beljiyam a 1973. Bankinka na Kano ba shi da asusu a kowane banki na duniya, sai ya aika wa wani babban banki da yake ajiya a wurinsa, in dala ce galibi a birnin New York, ya ce a cire a ba bankin wancan. Wani lokaci banki biyu ne a tsakani, kowanne kuma yana yankar ladan aikinsa. Shi ya sa a fom ɗin za ka ga an ce ka zaɓi ɗaya cikin uku: OUR, kai ka ɗauki dukkan caji, SHA, ku raba, BEN, a cire daga kuɗin mai karɓa. Na ga masu gaskiya biyu sun ɓata a kan wannan, ɗaya ya ce kuɗi bai cika ba, ɗaya ya rantse cif ya tura, alhali a hanya aka zaftare. Wannan duk ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce, da zarar kuɗi ya sauka a asusun mai karɓa ya zama nasa. Iyakar abin da bankinka zai iya shi ne ya aika saƙon roƙo a dawo da shi, bankin can kuma ya nemi yardar mai asusun. Mutumin kirki zai yarda. Ɓarawo kuwa kafin ka gama cike takardar koke ya kwashe, ya bar asusun wayam. Na sha rubuta irin wannan saƙon da hannuna, mai kuɗin yana zaune gabana yana share gumi, ni kuma tun kafin in aika na san amsar da za ta dawo.

Yanzu ɗauko wayarka ka buɗe lambar asusun da ka karanta min jiya. Mu a nan lambar asusu goma ce cif. Ƙasashe da yawa kuwa tsarin IBAN suke bi, kuma haruffa biyun farko su ke faɗin ƙasar da asusun yake. Na Daular Larabawa, inda Dubai take, da AE yake farawa, haruffa da lambobinsa 23. Na Saudiyya da SA, 24. Wanda ka karanta min da LT ya fara, wato Lituwaniya, can arewacin Turai. Sunan da ke kan asusun kuma na wani mutum ne daban, ba na kamfanin da ke kan hotuna ba, ba na wanda kuke hira da shi ba. Ba zan ɗauki alhakin bawan Allah in ce ɓarawo ne ba. Wasu bankunan da ke aiki ta manhajar waya a Lituwaniya suka karɓi lasisi, kuma mai gida a Dubai yana iya zama mazaunin Turai. Amma gida a wata ƙasa, asusu a wata, suna kuma na mutum na uku, ai dole a yi tambaya. Mai gaskiya zai yi maka bayani ba tare da ɓacin rai ba. Marar gaskiya zai ce asusun kamfani ne ya sami matsala, wannan na akantansu ne, ka dai yi sauri.

Farashin ma ya tsaya min a rai. Ƙarshen Disamba ne Dubai take cika maƙil, zafi ya sauka, makarantu sun yi hutu, ga bikin sayayya, ga shagalin sabuwar shekara. Na sa ƙanwarka ta duba min da safen nan, gidaje masu ɗaki uku a unguwar nan a ranakun nan, ba ta ga wanda ya kusanci wannan araha ba. Wanda ake rububin gidansa ba ya karya wa baƙon da bai taɓa gani ba farashi. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, dutse ya taka. Awa 24 ɗin nan kuwa ba don gidan aka sa ta ba, don kai aka sa ta, kada ka sami lokacin yin shawara da kowa.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, ni kuwa zan faɗa maka. Mu 'yan Najeriya mun tashi da tabon da wasu 'yan tsiraru suka yi mana. Sashe na 419 na kundin dokokin laifukanmu ya zama suna a bakin duniya, har a 2006 aka yi doka ta musamman a kan zambar karɓar kuɗi tun kafin a ba da abin da aka alkawarta. Saboda wannan tabo, ɗanmu na kirki in yana ciniki da baƙo sai ya riƙa jin kamar shi ne abin zargi. Yana jin nauyin yin tambaya. Yana gaggawar biya don ya nuna shi ba irin waɗancan ba ne. Na tsinci wannan a maganarka lokacin da ka ce, "Baffa, mutumin ko a jikinsa da na ce daga Najeriya nake." Ɗana, kai ne za ka fitar da kuɗi, shi alkawari kawai ya fitar. A wannan ciniki shi ke da bukatar wanke kansa. Damfara ba ta da ƙabila, ba ta da fasfo, kuma in har damfarar ce ake shiryawa, ita ce ainihin abin da dokar can take magana a kai, sai dai wannan karon mu ne a bakin ƙugiya. Tambayar da za ka yi masa ba cin fuska ba ce, haƙƙin kuɗin guminka ne.

To yaya ake gane gidan gaskiya? A Dubai ba a ba masu hutu hayar gida sai da izinin ma'aikatar tattalin arziki da yawon buɗe ido, kuma kowane gida da lambar izininsa. Ka nemi wannan takarda, ka nemi lasisin kamfanin, ka ga ko sunan da ke kansu ya yi daidai da na asusu. Amma kada takarda ta ruɗe ka, hotonta ana sata kamar yadda ake satar hoton gida. Ka nemo lambar wayar kamfanin da kanka daga shafinsu na asali, ba wadda ya ba ka ba, ka tambaye su ko sun san shi, ko asusun nasu ne. Ka ce ya kira ka ta bidiyo yana tsaye cikin gidan, ya buɗe taga, ya fita ya nuna maka lambar ƙofa, ya sauka ya nuna sunan benen.

Abin da ya fi duk wannan, muna da mutane a can. Deira cike take da 'yan kasuwarmu, ba a rasa Bakano a Naif ko wane wata ne. Ka roƙi ɗaya daga cikin abokanka masu sarin kaya ya hau jirgin ƙasa na cikin gari ya je Marina, ya tambayi masu gadin benen, ya ga gidan da idonsa. Gani ya kori ji. Kuɗin motarsa da ɗan abin shan ruwa shi ne mafi albarkar abin da za ka kashe a tafiyar nan.

Ka gaya min mai gidan ya turo maka hoton katin shaidarsa don ka natsu, ya kuma nemi ka turo fasfo ɗinku. Kada ka tura tukuna. Masaukin gaskiya ma zai nema don rajistar baƙi, amma bayan an tabbatar da juna. Katin da ya turo yana iya zama na wani bawan Allah da aka cuta a watan jiya, naka kuma a nuna wa wanda za a cuta a watan gobe. Ka tuna har da fuskar Hajiya da ta matarka a ciki.

Ni da za ka bi tawa, da ka bar wannan gidan ka kama ta ɗaya daga cikin manyan manhajojin nan, irin su Airbnb ko Booking.com, ko ta kamfani mai lasisi da ke karɓar kati a shafinsa. Na san za ka ce akwai ƙarin caji. Akwai, kuma abin da kake saye da shi shi ne mai shiga tsakani. Airbnb riƙe kuɗin take yi, ba ta sakar wa mai gida sai kimanin kwana ɗaya bayan ranar shigar baƙo, don in ka iso ka tarar babu gida kuɗinka bai bar hannun mai riƙon amana ba. Tamkar dillalin kirki ne a kasuwar shanu ta Wudil, ba ya miƙa kuɗi sai an miƙa igiya. Kati kuma yana da tasa kariyar. In ka biya ba a ba ka abin da ka saya ba, kana iya kai kuka bankinka a janyo kuɗin ta hanyar Visa ko Mastercard, galibi cikin kwana 120. Taransfa ba ta da wannan ƙofa. Shi ya sa mai mugun nufi yake cewa, "mu fita daga manhaja in rage maka wani abu." Garkuwarka yake saye da ɗan rangwamen nan. Ko a cikin manhajar ma sai da lura, domin a 2023 an yi ta samun ɓarayin da suka kutsa asusun wasu otal-otal a Booking.com suna aika wa baƙi saƙo daga ciki, wai a danna nan a sake tabbatar da kati. Duk saƙon da ya ce ka sake biya, ka tsaya ka kira masaukin.

Matsalarmu dai katin. A 2022 bankuna suka taƙaita abin da katin naira zai biya a waje, wasu suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da iyakarsa. Ka je reshenka ka tambayi taka iyakar, in ba ta kai ba ka buɗe asusun dala ka karɓi katinsa.

Ka ce abokinka ya ce ku je Wapa a gama komai cikin minti goma. Ba ni da abin faɗa a kan 'yan canjin Wapa sai alheri. Na san mutane a cikinsu da za ka ba miliyoyi babu takarda, kafin ka isa gida an miƙa wa naka a Deira ko Jidda ko Alƙahira. Amma ka fahimci iyakar amanarsu: alkawarinsu shi ne kuɗi ya isa hannun wanda ka nuna. In wanda ka nuna ɓarawo ne, su sun cika nasu. Sannan kuɗin ba da sunanka zai sauka ba, daga asusun wani ɗan kasuwa zai fito, ko a miƙa hannu da hannu a bakin shago. Ranar da ka tsaya gaban 'yan sandan Dubai kana cewa ka biya, me za ka nuna? Ka ƙara da cewa a Maris ɗin 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, ba duk mai tebur ne yake ƙarƙashin inuwar doka ba. Hanyar canji ta waɗanda suka san juna ce. In kuwa mai gidan ya ce ka biya da kirifto, ko katin kyauta, ko ta kamfanonin da ake karɓar tsabar kuɗi da lambar sirri, ka yi masa sallama. Kirifto in ya fita babu bankin da za ka kai wa kuka. Kamfanin Western Union ma a 2017 ya amince ya biya hukumomin Amurka dala miliyan 586 saboda yadda 'yan damfara suka yi ta bi ta hanyarsa.

Mu ɗauka yanzu an bincika, gidan yana nan, mutumin kuma na kirki ne. Da sauran aiki, kuma a nan ne ni kaina na taɓa ƙonewa. Wata shekara muka yi niyyar goman ƙarshe na azumi a Makka, ni da Innarka. Wani ɗan garinmu da ya daɗe a can, mutumin da muke sallah sahu ɗaya in ya zo gida, ya ce ya samo mana ɗaki biyu kusa da Harami, in turo rabin kuɗi. Na tura, ban nemi ko layi ɗaya a rubuce ba, kunya ta hana ni neman takarda wurin wanda na sani. Muka iso ranar ashirin ga wata da la'asar, muka tarar da wasu bayin Allah a ciki da kayansu, su ma sun biya, sun kuma fi mu biya. Innarka ta zauna a kan akwati a gefen titi, bakinta da azumi. A nan muka sha ruwa da dabinon da wani mai shago ya miƙo mana. Masaukin da muka samu cikin dare mai nisa ne, kuɗinsa kuma ninki. Mutumin bai gudu ba, bai kuma musa ba. Sai dai shi a fahimtarsa kuɗin neman ɗaki na turo, ni kuwa a tawa kuɗin kama ɗaki ne. Sai da ya shekara biyu yana biyana kaɗan-kaɗan, zumuncin kuma bai koma yadda yake ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da mun rubuta layi huɗu, da mun tsira da kuɗin da zumuncin baki ɗaya. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Saboda haka ka sa a rubuta maka sunan kuɗin, domin abin da muke haɗawa mu kira kafin alƙalami iri-iri ne. Akwai wanda yanki ne na haya, in an fasa a dawo da shi. Akwai wanda in ka shiga a lissafa shi cikin haya, in ka fasa ya zama na mai gida, shi ne malamai suke kira arabun. Imam Malik ya kawo hani a kansa a Muwaɗɗa, kuma a kan haka mazhabarmu take, Hambaliyya kuwa sun halatta, sannan majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ta zauna a Brunei a 1993 ta yarda da shi, a ciniki da haya, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Hukuncin wannan ka koma wa malaminka. Ni abin da nake so ka gani shi ne tun da daɗewa magabata suka hango cewa kuɗin da ba a raɗa wa suna ba shi ke haifar da husuma. Sai kuma kuɗin jingina, wanda ake riƙewa saboda ɓarna, in yara sun fasa gilashi ko sun zana bango. Wannan ba shi da dalilin tashi daga Kano tun kafin ku ɗaure kaya. A bakin ƙofa ake ba da shi, ko a riƙe a kan kati, ko hannu da hannu da rasit. Ranar shiga ka zagaya gidan da waya kana ɗaukar bidiyo, kowane tabo, kowace kujera, ka tura masa nan take, ranar fita ma haka.

Abin da ya fi muhimmanci a rubuta shi ne makomar kuɗin in tafiyar ba ta yiwu ba. Ba fata nake ba. Amma ka tuna daga ƙarshen 2022 har zuwa Yulin 2024 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, jiragen Emirates ma sai a Oktoban 2024 suka dawo Legas. Mutane sun kwana da shirin tafiya, suka wayi gari ƙofa a rufe. Ko yanzu da aka buɗe, ana iya ba mutum huɗu a hana na biyar, ga kuma gwiwar Hajiya da ba ta shawara da kowa. Ka kama masaukin da ake iya sokewa kyauta har zuwa wata rana, in biza ta fito sannan ka saki kuɗin da ba ya dawowa. Rahusar da ake yi wa wanda ya yarda ba za a mayar masa ba, an yi ta ne don mai fasfon da ba ya jiran biza. A rubuta ranar mayarwa da hanyar da kuɗin zai biyo, kuma a dirhami ko dala, kada a lissafa da naira. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Wanda aka mayar wa nairarsa a tsakanin nan, wajen sulusin kuɗinsa ya karɓa.

In bayan duk wannan ya zama dole sai taransfar banki, domin akwai ƙananan kamfanoni na gaskiya da ba sa karɓar kati, to daga asusunka, da sunanka, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniya. Ka nemi a rage kafin alƙalamin zuwa abin da in ya salwanta ba zai rushe tafiyar ba, kuɗin dare ɗaya ko biyu, ba rabi ba. Ka karɓi kwafin saƙon SWIFT ɗin, wanda muka saba kira MT103, ka adana shi tare da hirarku duka. In daga baya aka ce maka asusu ya canza, kada ka yarda sai ka ji daga bakin kamfanin ta lambar da ka riga ka sani. In kuma Allah ya ƙaddara sai bayan turawa mutum ya farga, kada kunya ta sa ya kwana da maganar. A wannan sa'ar zai je banki a aika saƙon tsayarwa, ya kai rahoto EFCC, ya shigar da ƙara a shafin 'yan sandan Dubai na laifukan intanet. Ɗan abin da ake cetowa, a sa'o'in farko ake ceto shi. Duk kuma wanda ya biyo baya ya ce a ba shi wani abu ya dawo da kuɗin, ɓarawo na biyu ne.

Yau ka rubuta wa mutumin cikin ladabi, ka ce kana son gidan, kana neman takardar izini da yarjejeniya a rubuce da kiran bidiyo, kuma ɗan'uwanka zai zo ya gani. Kada ka yi masa gardama, kada ka zarge shi. In ya ce lokaci ya ƙure wani ya karɓe, ka ce Allah ya sa haka ya fi alheri, gidaje ba su ƙare a Dubai ba. Jibi Juma'a, in an sauko ka biyo ta gida da wayar mu zauna da ƙanwarka mu duba masaukai tare, Innarka ta ce za ta yi maka dambu. Kafin nan kada ko kwabo ya fita daga asusunka.

Naka,
Baffanka.